Filogin Fetur a Motar Dizal

Motar ta shigo garejina kamar ba ta da niyyar tsayawa. Na ji ƙugin inji, na zaro kaina daga ƙarƙashin wata motar, sai ga Yaya a bayan sitiyari, ya danne birki da ƙafa biyu, hularsa ta karkace. Tulin tsofaffin tayoyin da ke jikin bango ne ya tare ta.

Ya fito yana haki. "Bahago, na sayi mota."

"Na gani, Yaya. Bangona ma ya gani."

Shekara talatin yayana ya yi yana koyarwa. Da ya ajiye aiki, sai ya kwashi ɗan abin sallamarsa ya kai wa wani dillali, bai ko tuntuɓe ni ba, wai yana so ya ba ni mamaki. Ya kuwa ba ni. Shirinsa shi ne daga ranar Litinin ya riƙa kai yaran unguwa makaranta yana ɗauko su, yara tara, har da autata. Hanyar makarantar nan kuwa akwai wani dogon gangare da ke ƙarewa a mahaɗar manyan motoci.

"An ce an cire mata injin fetur an sa na dizal, ba ta shan mai," in ji shi. "Amma da safe sai an tura, ga hayaƙi, ga birkin kamar dutse."

Na goge hannu a wando. "Bar mini ita. Ba a ƙera injin da zai gagare ni ba."

Ba cika baki ba ne. Tambayi kowa a layin nan, kunnena kaɗai ya ishe ni gane ciwon mota.

* * *

Washegari da hantsi na buɗe bonet, Yaya na zaune a kan benci yana kallo. Sabon fenti ja sai sheƙi take, amma ciki, wayyo! Na fara da rashin tashi. Na sassauta bututun mai, sai kumfa ke fitowa: iska na shiga ta wata tsagaggiyar roba. Na canza ta, na yi ta famfo da hannu har mai ya zo tas. Hayaƙin kuma daga matatar iska ne, ta toshe da datti kamar gidan zanzaro. Ƙafar inji guda ɗaya an yi mata walda ta ganin dama, ita ke sa motar rawa.

Ina aiki bakina bai huta ba.

"Dubi nan, Yaya! Wanda ya yi wannan aiki ba bakanike ba ne, ɓarawo ne mai riƙe da sifana. Irinsu ne suka ɓata mana suna. Su yi wa dillali gyaran sayarwa, mota ta yi kyau na kwana uku, sauran kuma tsakanin mai saye da Allah. In na kama shi, wallahi sai ya haɗiye wannan robar."

"Yi a hankali dai, kada ka haɗiye harshenka," in ji Yaya yana dariya.

Kafin azahar na murɗa makulli, ta tashi bugu ɗaya. Ƙarar ta daidaita, hayaƙi ya ɗauke. Na ji daɗi har cikin raina, na buga bonet ina kallon Yaya.

"Saura birki," ya ce.

"Wannan ai na san ciwonsa tun kafin in duba."

Na yi masa bayani kamar ni ne malamin. Injin fetur da kansa yake zuƙo iskar da ke sa birki ya yi laushi ya kama da ƙarfi. Na dizal ba ya yi, sai an ɗaura masa wani ɗan famfo. Mai son zuciya ba ya wahalar neman famfon. Toshe tiyon iskar birkin kawai yake yi ya tura shi inda ido ba ya kaiwa. A fili, mota babu kaya, birkin zai ɗan kama, mai saye ya ɗauka tauri ne na tsufa. A gangare da lodi kuwa, sai dai salati.

Na cusa hannu bayan inji, na lalubo tiyon, na jawo shi waje.

An toshe bakinsa da tsohon filogin injin fetur. An ɗaure da jar waya, zagaye uku, an murɗe ta ta hagu, an lanƙwasa bakin ciki don kada ta soki yatsa.

Na san wannan murɗin.

Kowa a sana'ar nan dama yake murɗa waya. Mutum ɗaya na sani da ke murɗawa hagu. Lokacin da wani dillali ya kawo mini ita, shekara biyu da suka wuce, motar fara ce. Na tuna dillalin tsaye a kaina yana kaɗa makulli, yana cewa, "Kai dai ta tashi ta yi tafiya, famfon nan bar shi, ba mu za mu hau ba." Na tuna ban ko yi gardama ba. Kunya ta rufe ni, da wani tsoro da ban taɓa ji ba, don fuskar autata na gani a kujerar baya.

Na yi saurin kai hannu in kwance wayar, amma Yaya ya riga ya taso.

"Mu gani."

Ya karɓi filogin da wayar a jiki, ya juya shi a tafin hannu. Mutumin nan shi ya koya mini ɗaure igiyar guga, shi ya yi shekaru yana bugun hannuna don in daina yi da hagu, har ya gaji ya laƙaba mini sunan Bahago. Ya daɗe yana kallon murɗin. Ya sa shi a aljihu ya koma benci.

* * *

Kwana biyu na yi ina yawon neman famfon a wurin masu kayan tsofaffin motoci, har na samu mai kyau. Na ɗaura, na ja sabon tiyo, na canza takalman birki duka huɗu. Ranar Asabar na loda buhunan yashi shida a baya, na ɗauki Yaya muka nufi gangaren nan. A tsakiyarsa na taɓa birki da yatsun ƙafa, motar ta tsaya cak. Na saki birki, na ƙara gudu, na kuma takawa. Cak.

"Yanzu ko jariri ka ɗauko, ba na fargaba," na ce. Gaskiya na faɗa, aikin ya yi.

Yaya ya gyaɗa kai. Ya zaro filogin daga aljihu ya ajiye a kan cinyata.

"Ƙanena, tawa ta tsira, don ina da kai. Motoci nawa ka yi wa haka?"

Ban yi kamar ban gane ba. "Goma sha ɗaya, Yaya. Da wannan."

"Sauran goman suna ina?"

"Ban sani ba."

Muna tsaye a gefen titi, inji na aiki lafiya lau. Wata tsohuwar mota ta wuce mu tana ƙugin dizal, cike da mata da yara, ta kama gangaren. Na bi fitilun bayanta da ido ina jiran su yi ja.