Babi Ukun Lorna Tasker

Shekara goma sha ɗaya Lorna Tasker ta yi tana aika littafinta Landan, Landan tana ƙin sa. Ba ta gaji ba, kuma in za a faɗi gaskiya, abin bai taɓa hana ta cin abinci ba. Da safe ta tafi kantin maganin da take aiki a Huddersfield, da la'asar ta dawo ta ɗora butar shayi, ta buɗe kwamfuta ta duba ko an sake ƙin ta.

Wakilan marubuta ba sa son a jibga musu littafi gaba ɗaya. Babi uku na farko suke karɓa, da shafi guda mai taƙaita labarin, da wasiƙar da za ka tabbatar musu cewa littafin ya kammala. In babi ukun sun shiga ran wakili, sai ya nemi sauran, ya yi maka tallarsa wurin masu buga littattafai. In ba su shiga ba, ya turo maka layi biyu na ladabi, ko ya yi maka shiru har wata uku su wuce ka gane da kanka. Lorna ta tara saba'in da shida, in aka haɗa masu layi biyun da masu shirun.

Babi ukun nata kuwa ba su da makusa. Ta goge su, ta sake gogewa, kamar farantan da ake jerawa a kabad ba a cin abinci a cikinsu. Jimlar farko kaɗai ta sauya ta ya fi sau arba'in. Abin da ba wanda ya sani, har mijinta Clive, shi ne babu babi na huɗu. Tun farko niyyarta ta ɗan gwada ta gani, in wani ya nuna sha'awa sai ta zauna ta ƙarasa. Da yake ba wanda ya nuna, zaman bai taɓa kamawa ba. Wasiƙarta dai tana cewa littafi ne kammalalle mai kalma dubu casa'in, kuma ta aika ta sau da yawa har ta daina jin komai in ta zo wannan layin.

Duk Talata da yamma su shida suke haɗuwa a ɗakin sama na laburaren gari, ƙarƙashin mulkin Bernadette Oddy, tsohuwar malamar makaranta wadda ta kammala littafi uku ba a ɗauki ko ɗaya ba. Wanda aka ƙi a makon sai ya miƙe ya karanta wasiƙar da muryar 'yan Landan, a yi dariya, a tsine wa wakilai albarka, a yanka masa kek mafi kauri. Lorna ce ta fi kowa yawan wasiƙu, don haka ita ake ji da ita. Sabon shiga in ya zo da hawaye, ita ake turawa ta lallashe shi. Tana son Talata fiye da yadda take son ranar haihuwarta.

Wata Litinin cikin watan Maris amsar aike na saba'in da bakwai ta shigo, daga wata wakiliya mai suna Philippa Crane. Lorna ta buɗe tana ɗan murmushi, har ta fara tunanin muryar da za ta karanta shi da ita gobe. Sai ta ga ba layi biyu ba ne. Matar ta ce a jirgin ƙasa ta karanta babi ukun har ta zarce tasharta, tana so a turo mata sauran littafin duka.

Lorna ta sake karantawa. Ta zauna ta ƙura wa allon ido, shayinta ya huce a gabanta. A haka Clive ya shigo ya same ta. Shekara talatin ya yi yana tuƙa bas kafin ya yi ritaya, bai kuma taɓa karanta ko shafi ɗaya na littafin ba, don ta ce sai an buga. Ya leƙo ta kafaɗarta, yana karantawa leɓensa na motsi.

"Ke, wannan ai ba ƙi ba ne," in ji shi.

"Na gani."

"To me ya sa kika yi fuskar wadda aka yi wa rasuwa? Malama marubuciya, an zo wurin." Ya rungume ta har tabaranta ya karkace. Kafin ta ce kada ya gaya wa kowa, ya riga ya kira 'yarsu a Leeds, ya kira Bernadette, ya leƙa ta katanga ya sanar da maƙwabci.

Washegari a laburare aka tarbe ta da tafi. Bernadette ta sumbace ta a kumatu biyu, ta ce ita dama ta sani, tana magana tana yanka kek da ƙarfin da kek ba ya bukata.

"Kin tura dai ko?"

"Ina ɗan gyare-gyare tukuna."

"Gyaran me kuma, ƙawata? Shekara goma sha ɗaya. Ko gadar jirgi ce ai da an gama ta." Ta aje wuƙar. "Ki saurare ni. Mutanen nan mantuwa gare su kamar kaji. Kika wuce mako biyu, wata yarinya 'yar ashirin da biyar za ta shige gabanki da littafin saurayinta da ya gudu. Ki tura, ki fitar da mu kunya. Mu da muka gama namu ba a nema ba, bari mu ga naki a shago mu ce mun san mai shi."

Lorna ta ce to. Ranar ba ita aka ba yanki mai kauri ba, ta kuma lura da hakan, abin ya ba ta haushi, sannan ta ji kunyar haushin.

Ta ɗauki hutun mako guda a wurin aiki, ta gaya wa Clive gyara take, ta rufe kanta a ƙaramin ɗaki. Lissafinta mai sauƙi ne: an ce akwai masu rubuta littafi cikin wata ɗaya, ita da ta riga ta san labarinta me zai gagare ta? Babi na uku ya ƙare ne da Edith, matar da labarin ke kanta, tana tsaye a bakin tashar jirgin ruwa ta Hull da tikiti a hannu, ta baro miji da gida. Shafin taƙaitawar ya ce ta haye teku, ta sha wuya, ta dawo bayan shekara ashirin. A layi shida aka gama maganar. Da Lorna ta zo mayar da layi shidan shafi ɗari uku, sai Edith ta ƙi ɗaga ƙafa. Ba ta san me matar za ta ce wa mai karɓar tikiti ba, ba ta san ko mai amai ce a jirgi ba, ba ta ma san ko ita kanta tana ƙaunar Edith ba.

Ranar farko ta rubuta jimla ɗaya ta yi ta gyara ta har azahar. Rana ta biyu ta wanke tanderun girki. Rana ta uku ta tsinci kanta ta koma babi na ɗaya tana cire wani waƙafi da ta sa bara. A kwana biyar ta haɗa kalma ɗari tara, ta karanta su, ta share. Gyara ta iya, wannan kam ba wanda zai ja da ita. Rubutun ne ta manta yadda ake yi, in ma ta taɓa sani. Clive kuwa duk bayan awa guda ya turo ƙofa a hankali ya aje mata shayi, ya fita da sanɗa kamar mai jinya. Wannan sanɗar ta fi komai ƙona mata rai.

Ran Juma'ar mako na gaba da safe Philippa Crane ta sake turo saƙo. Ta ce ba matsa lamba take ba, tana so ne ta tabbatar na farkon ya iso.

Nan dabara ta faɗo wa Lorna, ta kuma ga kyanta sosai. Ta rubuta cikin ladabi cewa ta gode ƙwarai, amma wani wakili ya nuna yana son ɗaukar ta, don haka ba ta so ta ɓata wa Malama Crane lokaci. A ganinta ƙofa ta rufu ke nan ba tare da asiri ya tonu ba. Ran Talata sai ta ce wa su Bernadette matar ta karanta ta ce a'a, kowa ya tsine wa Landan, rayuwa ta koma yadda take. Ta danna aikawa, ta ji iska ta shige ta, har ta tashi ta gasa burodi.

Shekara goma sha ɗaya tana cikin harkar nan, amma ɓangaren ƙi kaɗai ta karanta. Da ta taɓa duba abin da ake yi in an ce e, da ta san babu maganar da ke tayar da wakili daga kujera kamar ya ji wani na neman riga shi. Ko minti arba'in ba a yi ba wayarta ta yi ƙara, da lambar Landan.

"Misis Tasker? Philippa Crane ce. Don Allah ki ce min ba ki sa hannu a komai ba."

Muryar ba irin wadda suke kwaikwaya a laburare ba ce. Mura take yi, kuma ana jin tana tauna wani abu.

"Ban sa ba," in ji Lorna.

"Madalla. Ba zan tambaye ki wane ne ba, ko da yake ina da wanda nake zargi, kuma in shi ne, ko amsa waya ba ya yi. Ki ba ni zuwa Litinin. Turo min yanzu, na soke zuwa wurin surukata saboda ke, kin ma taimake ni. In sauran ya kai rabin babi ukun nan, ni zan ɗauke ki."

Lorna ta dubi taga. Clive na can cikin lambu yana ɗaure wake a jikin kara, yana fito. Tana iya kashe wayar. Tana iya cewa kwamfuta ta cinye littafin, an sha yin haka. Amma ba wanda ya taɓa yi mata magana a kan rubutunta da wannan zumuɗin, sai ta ji ba za ta iya ƙara wa matar wata ƙaryar ba.

"Babu wani wakili," ta ce. "Ni na ƙirƙiro shi. Sauran littafin ma babu. Babi ukun nan su ke nan."

Taunar ta tsaya. Lorna ta rufe ido tana jiran faɗa, kuma a ƙasan ranta tana marmarinsa. A wanke ta tas, a kashe waya, a gama.

"Ke ce ta huɗu bana," in ji Philippa, ta ja hanci. "Amma ke ce ta farko da ta haɗa min da abokin hamayya. Tun yaushe babi ukun suke hannunki?"

"Shekara goma sha ɗaya."

"Ai kuwa an gani. To, Misis Tasker, ba zan iya sayar da abin da babu ba, wannan kin sani. Ki je ki rubuta. Kada ki gyara komai, ki bar shi da dattinsa, gyara aikina ne. In kin kai ƙarshe ki turo min kai tsaye, ba sai kin bi layi ba."

"Ke nan kin ce a'a."

"Ban ce ba."

"Amma na yi miki ƙarya har sau biyu."

"Marubuta nake wa aiki, ba limamai ba."

Lorna ta riƙe wayar da hannu biyu. Abin da ya fito daga bakinta ko ita ba ta shirya shi ba. "Ba za ki iya rubuto min cewa bai dace da ke ba? Layi biyu kawai. Yadda kuka saba."

"Ina aika irinsu arba'in duk mako," in ji matar, muryarta ta sauka. "Ba ni da ko ɗaya da zan ba ki. Shekara ɗaya, biyu, ina nan. Yanzu bari in kira surukata in ce mata ashe ina zuwa."

Ta kashe. Lorna ta zauna a kujerar kicin, burodin da ta gasa ya bushe a faranti. Tsoro ne ya rufe ta, tsoro na gaske, irin wanda ƙi saba'in da shida bai taɓa sa ta ji ba. Duk shekarun nan ta san waɗanda suka tare mata hanya, tana da sunayensu da adireshinsu. Yanzu an buɗe mata hanyar an koma gefe, ta duba ba ta ga kowa a kai ba sai ita.

Clive ya shigo yana karkaɗe ƙasa daga hannunsa. Ya ga wayar, ya ga fuskarta.

"Ita ce? Me ta ce?"

"Ta ce za ta jira."

"Jiran me?"

"In rubuta shi, Clive. Ban rubuta ba. Babi uku ne kawai, tun farko."

Ya tsaya da hannuwa a buɗe, yana dubanta. Ta ga yana lissafa shekarun a ransa, da mutanen da ya gaya wa, ta jira ya faɗi abin da ya cancanta. Sai ya ja kujera ya zauna kusa da ita.

"To ai da sauƙi," in ji shi. "Na ɗauka cewa ta yi ba ta so."

Lorna ta kifa kai a kan tebur ta fashe da kuka. Shi kuwa ya dinga shafa bayanta, yana ce mata ta yi kukanta, farin ciki haka yake kama mutum.