Jinin da Bai Tsaya Ba

Najaha ta haihu ranar Talata da hantsi, a ɗakin surukarta Inna Indo, a Matameye. Mijinta Lawwali yana Kano cin rani. Naƙudar ta zo da sauƙi, yaro ya faɗo da kukansa, babu wanda ya yi zancen asibiti.

Ranar kwana uku wanzami ya zo ya cire wa jaririn beli, kamar yadda aka yi wa kowa a gidan. Har azahar jini na tsattsafowa daga bakin yaron. Da Najaha ta buɗe zaninsa sai ta ga cibiyar ma ta jiƙe, ga wani tabo baƙi-baƙi a cinyarsa, alhali babu abin da ya buge shi.

"Inna, zo ki gani. Jinin nan bai tsaya ba."

"Zai tsaya, 'yar nan. Ba shi nono."

Yaro ya ƙi kama nono. Da la'asar Inna Indo da kanta ta yafa mayafi, ta tare musu kabu-kabu.

Malamar asibiti ta duba bakinsa, ta danna tafin ƙafarsa da ya yi fari fat.

"An yi masa allurar bitamin K da aka haife shi?"

Najaha ta dubi surukarta. Ba su taɓa jin sunan ba.

"Jarirai da ƙarancinsa suke zuwa duniya," in ji malamar, tana zuƙo maganin a sirinji. "Shi ke sa jini ya daskare. In babu shi, ƙaramin rauni ma sai ya yi ta zuba, wani lokaci har cikin kai. Allura ɗaya ce a cinya, ranar haihuwa."

Ta yi masa, amma ta ce jinin da ya zubar ya yi yawa, sai an kai shi Damagaram an ƙara masa. Suka shiga mota. Sun wuce garin Kance kaɗan Najaha ta ji jikin yaron ya saki a hannunta. Ta daɗe ba ta faɗa wa kowa ba. Inna Indo ce ta lura, ta yi salati, ta ce wa direba ya juya.

Lawwali ya iso ranar Lahadi da goro da 'yan riguna na suna, ya tarar da tabarmin zaman makoki a ƙofar gida. Uwarsa ta kasa ɗaga ido ta dube shi.

"Ni na kira wanzamin," ta ce.

"Kwanansa ne ya ƙare, Inna."

Najaha tana ɗaki tana jin su. Nono ya cika mata ƙirji har yana zuba, ta ɗauki tsumma ta tare.