Jinin Mai Lafiya

…to ga shi ya sake fitowa. Layin nan dai, baƙi ƙirin a fuskar na'ura, a gurbin da bai kamata a ga komai ba. Gurbin mai lafiya. Tana cire safar hannu, tana mayarwa. Sinadarin gwajin ne ya lalace, dole. Ko firij ne ya yi musu tsiya. Jiya ma haka ta ce. Shekaranjiya ma.

Aikin ai ba wuya a baki: alama suke bi, wadda garkuwar jiki ke bari a jini idan ta rikice ta koma yaƙar maɓuɓɓugar hawaye da ta yawu. A jera jinin masu ciwon, a ajiye na mai lafiya a gefe, a kwatanta. Mai lafiya kuwa a ɗakin gwaji wane ne? Wanda ya fi kusa da allura mana. "Miƙo hannu, Ƙarfe, ke da ko mura ba ta san gidanku ba," in ji Farfesa, shugaban aikin, tun ranar da suka fara, ana ta dariya. Ita ma ta yi. Ta miƙa.

Matan nan masu ciwon, da ke zuwa gwaji… a ba su 'yar kwalba a ce su tofa. Su yi ta juya harshe, ko ɗigo. Wata dattijuwa har haƙuri ta ba ta. Haƙuri fa! Ita kuwa tana rubutawa tana kurɓar ruwa daga gorarta — gorar da yanzu ko ƙofar ɗaki ba ta kaiwa sai da ita — a'a, zafi ake yi, kowa ma shan ruwa yake. Idon da ke mata kamar an watsa yashi? Kallon na'ura ne. Burodin da ya tsaya mata a wuya? Kwana ya yi. Haƙorin da ya ɓare… "Yaya, ke da ba kya shan zaƙi?" Autarsu da shegen baki.

Tsoro take ji, gaskiya. Ba na mutuwa ba, ciwon nan ba ya gaggawa, ta fi kowa sani. Alamar kan riga ciwon bayyana da shekaru — abin da suke ta wahalar nunawa ke nan, kuma ga shi ya nunu. A jikinta.

In ta faɗa, duk awon da aka kwatanta da jininta ya rushe. Guminta, na Farfesa, na matan da suka hau mota tun daga nesa. In ta yi shiru, ta lallaɓa ta sa jinin wani a gurbin… wa zai sani? Kuma sai me, ta ci gaba da zama mai lafiya a takarda?

Takun takalmi. Farfesa ne, da kofinsa a hannu.

"Ƙarfe, yaya? Sinadarin ne ko?"

Sinadarin lafiyarsa ƙalau. Ta buɗe baki za ta faɗa — harshen ya manne a ganɗa, ya ƙi tashi.