Lado Ya Hau Jirgin Soja

Dogarai biyu suka tasa Lado a gaba har filin da aka share a bayan Tudun Wada, inda ƙaramin jirgin soja ya sauka tun hantsi. Lado maharbi ne, ba wanda ya kai shi sanin dajin Doguwa. Kwana uku ke nan wani jirgin ya ɓace a can da Turawa biyu.

Saja Rufa'i, tafintan sojan, ya tare shi. Shi ne ya zo bara ya tashi ƙauyensu Lado, da aka ce dajin ya zama na gwamnati.

"Bature ya ce ka hau, ka nuna musu inda ka ga hayaƙi shekaranjiya."

"Dajin da kuka ce in na sake taka shi sai kurkuku?"

"Ai ba takawa za ka yi ba. Attajirai nawa suka roƙi a ɗauke su ba su samu ba?"

"To, a ɗauke su mana."

"Lado, ko ka hau da ƙafarka, ko a ɗaure ka a jefa."

Lado ya tofar da yawu dab da takalmin Saja, ya hau.

Jirgin ya tashi. Lado ya runtse ido yana salati, Saja na dariya a bayansa. Da ya buɗe, sai ga kogi kamar zare, ga duwatsu, ga kufan ƙauyensu, bukkoki duk sun rushe. Gabas da kufan, cikin kwari, wani ƙarfe na ƙyalli, mutum ɗaya a gefensa yana kaɗa riga.

Lado bai nuna wa kowa ba. Jirgin ya wuce, ya zagayo, ya sake wucewa. A zagaye na uku mutumin ya durƙushe, rigar ta faɗi daga hannunsa. Lado ya ciji leɓe, ya daki kafaɗar matuƙin, ya nuna ƙasa.

Da suka sauka, matuƙin ya miƙo masa hannu yana fara'a. Lado ya kau da kai. Saja ya damƙi wuyan rigarsa.

"Tun zagayen farko ka gan shi, munafuki!"

"Na gan shi."

"To, uban me kake jira?"

Lado ya ɓamɓare hannun Saja daga rigarsa a hankali.

"Kabarin mahaifina nake nema," ya ce. "Ciyawa ta rufe shi, ban gane wurin ba."