Wutsiyar Magana

Hedimasta ya ɗora ƙafarsa ta hagu mai kumburarren babban yatsa a kan benci, ya ce, "Takalmin da ba zai cije ni ba. In ka yi mini shi, Turanci sai ka ture."

"Ba duka nake so ba," in ji Shumeka, yana zagaye ƙafar da fensir a kan kwali. "Na minti biyu a waya. Sauran ka riƙe abinka."

Suka tafa. Ciniki ya faɗa.

Shumeka yana da jika a ƙasar waje, 'yar shekara shida, wadda bai taɓa ɗauka ba. Amarya yake ce mata, amma amaryar ba ta jin Hausa. In ɗansa ya kira ran Lahadi, sai ta leƙo fuskar waya, ta ɗaga hannu, ta gudu. Bara ya matsa wa uban har ya zana ƙafarta a takarda ya aiko. Da wannan awon ya ɗinka mata jan takalmi mai maɗauri, ya ajiye can saman kantar shago, inda idon mai saye ba ya kaiwa. Kullum da safe sai ya goge shi.

Hedimasta, wanda ya ajiye aiki amma bai ajiye tsawa ba, ya fara da gaisuwa. Shumeka ya ce a wuce. A rana ta huɗu suka iso abin da Hedimasta ya kira wutsiyar magana: ka faɗi abu, ka liƙa masa 'yar tambaya a baya. In gaba ya ce e, wutsiya ta ce a'a. In gaba ya ce a'a, wutsiya ta ce e.

Shumeka ya ajiye basilla. "Wato 'ko ba haka ba?' Ai da ita nake cin abinci shekara arba'in. 'Ya zauna maka daram, ko ba haka ba?' Ban taɓa ganin wanda ya musa da takalmin a ƙafarsa ba."

"Nasu kowace magana da tata wutsiyar. Ba a ɗaura wa raƙumi ta akuya."

"Guda ɗaya za ka ba ni."

Ya ba shi. Mako biyu yana maimaita ta tsakanin bugun guduma, har telan da ke maƙwabtaka ya haddace. Lissafinsa a shirye yake. Amsar ɗansa kan zancen zuwa gida ya san ta tun kafin a buɗe baki: aiki, hidima, sai an gani. Amma in yarinya ta amsa a gaban kakanta, wane uba ne zai ƙaryata ta?

Ran Lahadi ya sa wankakkiyar riga, ya ɗaga takalmin a gaban waya.

"Amarya, you are coming, aren't you?"

Yarinyar ta zaro ido, ta fashe da dariya. "Yes!" Sai ta saki Turanci kamar an buɗe famfo, tana nuna masa giɓin haƙorinta, tana nuna takalmin, tana tambaya, tana jira. Karo na farko ba ta gudu ba. Shi kuwa jarinsa ya ƙare, sai gyaɗa kai.

Uban ya karɓi wayar yana sosa ƙeya.

"Me ta ce?" in ji tsohon.

"Wai ashe kana magana, me ya hana ka yi mata tun da? Baba, zuwa dai bana da wuya. Kuma takalmin nan, ƙafarta ta wuce shi tuni."

Shumeka ya juya takalmin a hannu. "Zano mini sabuwa."

Washegari Hedimasta ya zo karɓar nasa. Ya taka gaba, ya taka baya, fuska a sake.

"Ta ce za ta zo, ko?"

"Ta ce." Shumeka ya dubi ƙafar Hedimasta. "Ba ka son wani na zuwa biki? Ina da fata mai laushi, sai ka biya da Turanci."

A wannan ciniki Hedimasta ne ya ci riba, don har yau takalmin bai cije shi ba. Shumeka kuwa, da ba a taɓa ƙwararsa a kasuwa ba, da bakinsa ya ce minti biyu sun ishe shi.