Tsakin Shinkafa a Sentul

Shekara arba'in Malam Datti ya yi yana gyaran shinkafa a Kura. In ya damƙi shinkafa ya murza a tafin hannu, zai faɗa maka fadamar da ta fito. Bayan rasuwar matarsa idonsa ya yi yana. Ɗansa Zahraddeen, mai sarin yadi a Kuala Lumpur, ya aiko aka kawo shi aka yi masa aiki. Ido ya buɗe, abin kallo ne babu. Hawa na sha tara a wani dogon bene a unguwar Sentul, taga ɗaya, jirgin ƙasa yana wucewa can ƙasa.

A gidan ba a cin abinci tare. Zahraddeen ya fita tun safe, matarsa Ruƙayya ma haka. Da yamma kowa ya shigo da ƙunshinsa a leda, tapau suke ce masa, ya shige ɗaki. Wata biyu Malam Datti yana cin abinci shi da bango. Bai yi ƙorafi ba. Ba shi ne zai roƙi a zauna da shi ba.

Jikarsa Khaulah shekararta sha huɗu, a can aka haife ta. Ranar da ya sauka ya ce mata, "Amarya, ina ruwan wankana?" Ta juya ta kalli uwarta, ba ta san wasan kaka da jika ba. Bai sake tsokanarta ba. Amma abu ɗaya yake so kafin ya koma gida, ko da yake bai faɗa wa kowa ba: yarinyar nan ta zauna kusa da shi su ci abinci, ko sau ɗaya ne.

Saura kwana huɗu ya tafi, ranar Asabar da hantsi, ta tsaya a bakin ƙofarsa.

"Kaka, zo. Mu je makan."

"Mu je me?"

"Abinci. Ni da kai."

Ya ce ta jira shi. Ya cire jallabiya, ya sa babbar riga, ya karya hula.

Shagon abincin da ta kai shi ɗan ƙarami ne, tebur shida, tsakanin mai facin taya da mai wanki. Mutanen Vietnam ne, Musulmi. Uban yana gashin kaza a bakin ƙofa, uwar tana zuba abinci, tsohuwar gidan tana zaune kusa da tukunya da ɗan mayafinta. 'Yarsu Hasna ajinsu ɗaya da Khaulah. Duk suka miƙe suka amsa sallamarsa. Wannan ya yi masa.

Tsohuwar da kanta ta kawo farantin. Gasasshiyar cinyar kaza, soyayyen ƙwai, kokwamba, ganyen albasa a mai, da ɗan kofin romon kifi mai yaji. Ta ajiye, ba ta koma wurinta ba. Mai gashi ya bar wutarsa ya matso. Hasna da uwarta suka tsaya a bayansa.

Malam Datti ya duba shinkafar da sabon idonsa. Babu ƙwaya ɗaya cikakkiya. Tsaki ne.

A injinsa, tsaki shi ne abin da ke zubowa ƙarƙashin rariya. Masu kiwon kaji ke kwashewa. Mai ɗan dama-dama mata su saya su tuƙa tuwo, ya ɓace a cikin malmala ba wanda ya gani. Amma a dafa shi wara-wara a ajiye gaban baƙo mai furfura, bai taɓa gani ba. Ya ɗaga kai. Ga su nan tsaye suna murmushi, suna jira su ga baƙon Afirka ya ci.

Ya ture farantin da bayan hannu.

"Gaya musu ni ba kaza ba ne."

"Kaka, kom tam ne, abincin ƙasarsu. Haka yake. Ci mana."

"Na sayar da irinsa buhu-buhu. Na san wanda ake ba wa. Tashi."

Ba ta tashi ba. Fuskarta ta yi nauyi, ta sunkuyar da kai gaban ƙawarta. Ya tattara rigarsa ya fita. Ya san hanya, ya koma shi kaɗai.

Bayan magariba Zahraddeen ya shigo ɗakinsa ya durƙusa.

"Baba, yarinyar nan sati biyu tana shirya fitar nan. Ce musu ta yi duk Najeriya babu wanda ya kai kakanta sanin shinkafa. Tsohuwar tsayawa ta yi ta ji me za ka ce."

"Tsaki suka ba ni."

"Shi ne abincinsu, Baba. Shi suke ba babban baƙonsu. Daga ƙasarsu ake kawo musu."

"Na ji. Tashi ka ba ni wuri."

Ranar Lahadi Khaulah ba ta fito ba sai da ta ji ya shiga sallah. Ranar Litinin ta gaishe shi daga nesa, ta tafi makaranta. Ya zauna gaban taga har azahar. Sannan ya sa hula ya sauka.

Shagon babu kowa sai tsohuwar da mai gashi. Suka amsa sallama, amma ba wanda ya miƙe. Ba ya jin yarensu, ba sa jin nasa. Ya nuna buhun da ke jingine a bango, ya buɗe tafin hannu. Tsohuwar ta dube shi ta daɗe, sannan ta ɗebo a gwangwani ta zuba masa.

Ya matsa bakin ƙofa wajen haske. Ya baza da babban yatsa. Ya hura, ba dusa. Ya nemi tsakuwa, babu. Ƙwayoyin duk kansu ɗaya, ba gari a ciki, ba babba. Shara ba ta fitowa haka. Wani ya zauna ya rairaye wannan, aƙalla sau biyu, da rariya iri biyu. Ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya ciza. Ta bushe daidai, sabuwa ce, ba ta kwana a sito ba. Da yaran injinsa sun taɓa fitar masa da aiki mai tsabta haka, da ya yaba musu.

Ya ɗaga mata yatsa biyu, ya kwatanta kaɗa rariya. Ta girgiza kai, ta ɗaga uku.

Ya ja kujera ya zauna a teburin da ya bari shekaranjiya. Ta kawo faranti. Ta nuna masa ya juye romon a kai. Shinkafar ta shanye shi nan take, yadda doguwar ƙwaya ba za ta iya ba. Ya yi loma biyar, ya tsaya. Kujerar da ke gabansa babu kowa a kai. Ya nuna a ƙunshe masa sauran, a ƙara wani sabo.

Ruwan la'asar ya tare shi a hanya. Ya sa ledar cikin riga.

Takalmin makarantar Khaulah yana bakin ƙofa, ɗakinta a rufe. Ya juye abincin a faranti biyu, ya jera a teburin falo, cokali biyu. Ya je ya ƙwanƙwasa.

"Amarya."

Can ta buɗe kaɗan.

"Na je wurin tsohuwar. Shinkafarta mai kyau ce. Sau uku take rairayewa. Ki gaya mata ni na faɗa."

Ta dube shi, ta dubi rigarsa da ke ɗigar ruwa, ta hangi teburin. Ya san akwai sauran magana, ta ban haƙuri, kuma ita take jira. Bai taɓa faɗa wa ɗansa ita ba, balle jika. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Abincin zai huce."

Ta wuce shi, ta ɗauki faranti ɗaya da cokali.

"Na gode, Kaka."

Ta koma ɗaki ta tura ƙofa.

Ya tsaya a falon. Jibi warhaka yana cikin jirgi. Ya ɗauki nasa farantin, ya dawo lungun ɗakunan, ya zauna a ƙasa ya jingina da bangonta. Ta cikin ƙofa yana jin cokalinta yana taɓa faranti. Ya yi bisimilla. In ta tsaya ya tsaya, in ta ci gaba ya ci gaba, har ya ji ta kankare farantin.