Fuskar Goggo a Jikin Gilashi

Shekara goma sha ɗaya Goggo tana goge gilasan wani kantin magani da kayan kwalliya da ke ƙasan dogon bene, bakin babban titi. Ƙarfe bakwai take isowa, ta ɗauko bokiti biyu daga bayan matattakala, ɗaya na ruwan sabulu ɗaya na ɗauraya, da tsummoki uku waɗanda ba ta yarda kowa ya taɓa. Sunanta na yanka yana cikin takardun kamfanin shara da ya ɗauke ta aiki, amma a benen nan tun daga mai gadi har masu ofis a sama, Goggo kowa ke ce mata. Karatu ne dai ba ta yi ba, kuma ba ta ɓoyewa. Ruwan wankin da ke ƙona hannu da warinsa take gane shi, sauran kuwa ta bar wa masu takarda.

Wata safiya sabuwar manajar kantin ta tsaya a kanta tana cikin matse tsumma. Mace ce da ta haura arba'in, kullum fuskarta ɗauke da hoda kamar an yi wa bango fenti.

"Goggo, shekarunki nawa?"

"Sittin da 'yan kai. Me ya faru?"

"Kai, amma fatarki tana da kyau! Muna son hoton dattijuwa don tallan wani sabon mai. Ke ce kika dace."

Goggo ta yi tsaki, amma daɗi ya kama ta har cikin ranta. Rabon da wani ya yabi fuskarta tun mijinta yana da rai, shi ma sai in yana neman ta huce. Da mai hoto ya zo, sai ya ce ta wanke fuska kada ta shafa komai, ta tsaya daidai ƙarƙashin farar fitilar nan ta ɗakin ajiya, kuma kada ta yi murmushi. Ta ga abin wani iri, amma ta ce a ranta kowa da sanin aikinsa. Manaja ta kawo takarda, Goggo ta dangwala babban yatsa, aka wuce wurin.

Bayan sati biyu aka manna katon hoto a jikin gilashin gaba, tsawon ƙofa. Fuska biyu ne a jere. Ta hagu Goggo ce, ba ko tantama. Ta dama wata mata ce mai haske, fata sumul, da ɗankwali iri ɗaya da nata. Goggo ta daɗe tana kallo, ta ce lallai mutanen nan sun yi wahala kafin su samo mai kama da ita haka, har da ɗauri. Ta ɗan tausaya wa matar ma, don fuskar tata ba ta nuna ta taɓa ganin komai a duniya ba. Akwai rubutu a sama da ƙasa, ja da baƙi. Wannan bai dame ta ba.

Sati uku tana goge gilashin nan sau biyu maimakon sau ɗaya. In kuda ya sauka a kan hancinta na hoto, sai ta kore shi.

Ranar wata Asabar ta ja ƙanwarta ta zo ta gani. Ƙanwar malamar makaranta ce da ta yi ritaya, ita aka sa a boko lokacin da Goggo ke gida tana rainon ƙanne. Tun a mota suke tsokanar juna.

"Yaya, ke da ko hoton katin asibiti sai an yi faɗa da ke, yau ke ce a talla?"

"Ki bari mu isa, baƙin ciki ya kashe ki."

Da suka isa, ƙanwar ta gyara tabarau ta ɗaga kai. Goggo na kallon bakinta yana motsi, sai ta ga dariyar ta ɗauke.

"Karanta mini."

"Yaya, mu tafi gida. Rana ta yi."

"Na ce ki karanta mini. Ban goya ki don ki riƙa ɓoye mini rubutu ba."

Ƙanwar ta sauke murya. "A ƙarƙashin taki an rubuta, kafin. A ƙarƙashin waccan, bayan kwana goma sha huɗu. A sama kuma an ce, rabu da kunyar tsufa."

"Ita waccan wace ce?"

"Ke ce, Yaya. Da na'ura suka goge ki."

Abin da ya fi ƙona wa Goggo rai shi ne matan layinsu biyu da ta riga ta turo su zo su gani, da mai gadi da ke cewa "tauraruwa" duk safiya tana amsawa.

Da ta koma ɗakinta, ta ciro ƙaramin madubi daga bayan ƙofa ta zauna bakin taga, inda hasken la'asar ke shigowa. Ta daɗe ba ta kalli kanta haka ba. Ga layi biyu tsakanin girarta, irin na mahaifiyarsu sak, har ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ga tabo a haɓa, daga ranar da ta faɗi da ɗanta na fari a hannu tana gudun kai shi asibiti, ta tare ƙasa da fuskarta don kada kansa ya bugu. Ga tattara a gefen idanu, wadda mijinta ne ya sa mata rabinta da barkwancinsa na banza. Ƙarƙashin ido ya ɗan zurma tun shekarar da ta yi jinyarsa. Ta laluba ko'ina, ba ta ga inda kunyar take ba. Ita ba ta saci fuskar nan ba, ba ta aro ta ba. Abin da ya ba ta mamaki shi ne ta goge hoton waccan matar sati uku ba ta gane kanta ba, kuma dalili a fili yake: duk abin da za ta gane kanta da shi sun kwashe.

Litinin da safe ta gama aikinta tsaf, ta ɗauraye bokiti, sannan ta tura ƙofar ofishin manaja ba sallama.

"Ki cire mini fuskata daga gilashinki."

"Goggo, lafiya? Zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba. Kin ce fatata tana da kyau, ashe abin tsoratar da mutane kike nema. Ni na taɓa shafa man nan naku? Ko warinsa ban sani ba."

"Ai haka ake talla a ko'ina. Ba wanda ya ɗauke shi da zafi." Manaja ta buɗe aljihun tebur ta zaro takarda. "Kuma ga yatsanki nan. Kin yarda a yi amfani da hoton yadda aka ga dama."

"Kin karanta mini? Kin san ban iya ba, shi ya sa kika zaɓe ni. Da mai karatu ce, da tun a ɗakin ajiya ta watsa miki takardar."

Manaja ta ɗauko wani kwali mai ɗaurin zinariya ta turo mata. "Riƙe wannan, kyauta. Ki gwada, za ki gode mini."

"Ki kai wa uwarki," in ji Goggo. "In tana da rai, ki kuma faɗa mata tsufanta abin kunya ne, in ji gilashinki."

Manaja ta miƙe. "Ki yi hankali. Waya ɗaya zan yi wa kamfaninku."

Goggo ta san ba ƙarya ta yi ba. Aikin nan shi ne rufin asirinta, mota ɗaya ce daga gida, kuma gwiwoyinta sun saba da matattakalarsa. Ta fita ta zauna a kan bokitin da ta kife, ta yi ta juya abin. Lauya ba ta san inda ake samunsa ba. Takarda ba ta iya rubutawa. Abin da take da shi kawai shi ne fuskar da ake rigima a kanta.

Washegari, da ta tashi aiki ƙarfe goma, ta cire rigar kamfani, ta ɗaura ɗankwalin da ke cikin hoton, ta fito ta tsaya a bakin titi, daidai gefen gilashin. Titi ba na kanti ba ne. Duk wadda ta ɗaga kai tana kallon hoton, sai ta ji murya a kusa da ita:

"Baiwar Allah, ni ce wannan. Waccan ma wai ni ce. Yau kwana ashirin da wani abu, dube ni da kyau. Ban shafa ba, kuma da na shafa ma ba zan koma haka ba."

Wasu suka yi dariya suka wuce. Wasu suka ɗauka taɓin hankali ne. Mai gadi ya zo yana sosa ƙeya.

"Goggo, don Allah ki rufa mini asiri."

"Ka koma kujerarka. Ko tauraruwa ba ta da ikon tsayawa kusa da hotonta?"

A rana ta biyu wata dattijuwa ta tsaya, sa'arta ko ta ɗan girme ta, da jaka a hammata. Kumatunta sun yi ja-ja da baƙi-baƙi, irin na wadda ta daɗe tana canza mai. Ta kalli hoton, ta kalli Goggo, ta sake kallon hoton.

"Wallahi don shi na zo," ta ce. "Bikin 'yata ya kusa, surukai 'yan gayu ne. To ke me kike shafawa? Don ta zahirin ta fi ta hoton."

"A ƙarƙashin fitilar ɗakin ajiya suka tsayar da ni, ko amarya aka sa a nan sai ta zama gawa." Goggo ta matso. "Ni ba likita ba ce, abin da nake yi zan faɗa miki. Ruwa mai ɗan ɗumi, sabulu marar ƙamshi, sau ɗaya a yini, kuma ba na dirzawa, fuska ba tukunya ba ce. Kafin ta bushe in shafa farin mai irin na jarirai, har wuya da bayan hannu. In rana ta take, ina bin inuwa ko in riƙe lema, ko da za a ce na cika iyayi. Shi ke nan. Ba ya cire tattara. Yana dai hana ta ƙaiƙayi da tsagewa."

"To wannan ɓacin na kumatuna fa?"

"Wannan ya fi ƙarfina. Ki daina duk abin da kike shafawa, ki je a duba ki a asibiti. Kuma ranar bikin ki tafi a matsayin uwar amarya. Wa ya ce miki ƙawarta ake nema?"

Matar ta yi dariya har ta dafa kafaɗar Goggo. Ba ta shiga kantin ba. Kafin azahar mata biyar sun taru, kowa na faɗin nata, wata na nuna tabon tiyata, wata na ba da labarin jikarta da ke ƙirga mata furfura. Masu shiga kanti sai sun raɓa ta gefensu.

A rana ta uku shugaban masu shara ya kira ta a waya. Daga Litinin an mayar da ita wani asibiti a can ƙarshen gari, mota biyu, aikin bene huɗu. Ta ce ta ji. Ta sa wayar a jaka, ta koma ta tsaya inda take tsayawa.

Wajen sha ɗaya Manaja ta fito da kanta. A hasken rana hodar ta taru a cikin layukan gefen bakinta.

"An riga an canza miki wurin aiki. Me kuma kike nema?"

"Da ma ba wurin aiki na zo nema ba. Yanzu ma na fi samun lokaci, asibitin da rana zan riƙa shiga. Kullum da safe ina nan."

Manaja ta dubi matan da ke tsaye, ta dubi wata da ta ɗaga waya tana ɗauka. Ta juya ciki, ta dawo da kujera, ta hau ta fara ɓamɓare hoton daga kusurwar sama. Gam ɗin ya kama sosai. Takardar ta yage biyu, tsakanin fuskokin. Ba wanda ya yi tafi.

Ta sauko tana haki, ta miƙa wa Goggo rabin hagu. "Ga taki." Ɗaya rabin kuma ta fara dunƙule shi za ta kai kwandon shara.

"Kawo waccan ma."

"Me za ki yi da ita? Ke kika ce ba ke ba ce."

"Daga jikina kuka cire ta. Ba za ta kwana a shara ba."

Manaja ta miƙa mata. Goggo ta shimfiɗa ta a kan cinyarta, ta miƙar da inda ya dunƙule da tafin hannu, ta haɗa biyun fuska da fuska, ta naɗe su kamar tabarma. Ta sa a hammata, ta yi wa matan sallama, ta gangara tashar mota a hankali, don gwiwar hagu ta fara yi mata magana.